'Yar Bindigar Aljihu da Igiyar Maharbi

Tunda ka ce abin bai taka kara ya karya ba, zauna in ba ka misalin wani maharbi. Mutumin ya tsufa da bindigar toka a kafaɗa, irin doguwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wata shekara ƙanensa, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya da tsarabar wata 'yar bindiga mai shiga aljihun riga. Sabuwar ƙira ce, amma an kwaikwayi ta mutanen da: albarushi take ci, tana da 'yar ganga mai juyawa, kowane rami a jikinta da harsashinsa. Maharbi ya juya ta a tafin hannu, ya yi dariya, ya ce wannan ai ko kurciya sai in ta ga dama za ta mutu. Duk da haka ransa ya biya. Ya narka darma ya yi mata harsasai, ya ɗura ramukan duka, ya nufi bayan gari, abokan hira suna biye. A gidansu kuwa akwai ƙa'ida tun kaka da kakanni: ba a fara harba sabuwar bindiga a hannu. Ɗaure ta ake yi a jikin itace, a sa wa kunamarta igiya, a koma nesa a ja. Da ya fito da igiyar, abokai suka sa shi a gaba da tsiya, wai mutumin da ya tari ɓauna ne yau zai ɓuya wa abin wasan yara. Kunya ta kama shi, ya mayar da igiya aljihu. Ya ɗaga 'yar bindigar, hannun hagunsa kuma ya tafi inda ya saba zuwa a jikin doguwar bindigarsa, ya rungume gaba, yatsu daidai bakin ramukan nan. Wannan hannun ne ke tallafe masa garma da damina, shi ke tallafe bindiga da rani, da shi gidan yake ci.

Yayarsa ta zo wucewa da itace a ka, ta tsaya ta dube shi. "Baba ya fi ka harbi," in ji ta, "kuma da yatsunsa cikakku aka binne shi." Ta yi gaba. Maharbi ya ji haushinta, ya ji haushin masu dariya, ya daɗe da yatsa a kan kunama, sannan ya sauke hannu. Ya ɗaure bindigar a kututturen marke, ya naɗa tsohuwar hularsa a inda yatsunsa suke ɗazu don kada ta zame, ya koma bayan suri, ya ja igiya. Ƙarar da ta tashi ba ta harbi ɗaya ba ce. Ashe harsasan nasa ba su toshe ramukan sosai ba, wuta ta tsallaka daga wannan zuwa wancan, duka suka tashi lokaci guda. Farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya washe, sai ga hula ta zama tsumma tana cin wuta, ɓawon marke ya yage. Masu tsiya kowa na duban ƙasa. Shi kuwa ya zauna daɓas. Ya buɗe hannun hagu, ya dunƙule, ya sake buɗewa, yana hamdala, dariya da hawaye suka zo masa tare. Tunda yake a duniya bai taɓa murnar asarar hula ba sai ranar. Da yamma ya kai wa yayarsa zabuwa, ya miƙa mata da hannu biyu, ta dubi hannuwan ta karɓa ba ta tambayi dalili ba.

To, kafin ka ce naka ma ƙarami ne, nemi igiyarka. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.