Kwanon Gado na Tara

Kwana uku ke nan nas ɗin tana tarar da kwano wayam a ƙarƙashin gado na tara. Ta ɗago shi ta shinshina. Sakwara ce da miyar gyaɗa. Ta juya ga tsohuwar da ke jinyar mai gadon.

"Mama, so kike ki kashe mijinki?" Ta buga yatsa a kan takardar da likita ya rataya. "Ga shi a rubuce, matsalar déglutition. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, loma ɗaya ta isa ta faɗa masa huhu."

"Wace cuta ce kuma wannan, 'yata?"

"Ba cuta ba ce. Haɗiya ce kawai, da bakin likitoci."

"To me ya hana ku ce haɗiya?"

Nas ta yi tsaki. Duk garin Parakou ba ta taɓa ganin mai taurin kan tsohuwar nan ba.

Washegari da rana ta laɓe bayan labule, faɗanta a baki. Tsohuwar ta buɗe kwano, ta yanki loma, ta dangwali miya, ta kai bakinta ita kanta. Sannan ta kamo lafiyayyen hannun mijin, ta ɗora yatsunsa a maƙogwaronta, ta haɗiye a hankali.

"Ka ji yadda take wucewa? Shekara saba'in kana yi ba malami, yanzu ka ce ka manta. Saurara da kyau, tsohon rigima."

A loma ta bakwai, maƙogwaron tsohon ya hau sama, ya sauko.