Akuyoyin Anti Ƙa'ida

Ƙofar motar ba ta gama rufuwa ba wayar Anti Ƙa'ida ta fara ruri. Ta duba, ta ga surukarta ce da suke zaune gida ɗaya, sai ta kife wayar a cinya. Tsohuwar ba ta kira sai da ƙorafi, yau kuwa ba ranar ƙorafi ba ce.

Abokan aikinta a ƙungiyar tallafa wa mata da yara ne suka laƙaba mata Ƙa'ida, domin ko biro ba ta ba da aro sai ta ji dalili. Bara ƙungiyar ta raba wa matan ƙauyuka awaki don su samu abin dogaro. Yanzu masu ba da tallafi sun ce sai sun ga hoton kowace mace da akuyarta kafin su sake sakin hannu. In babu hoto, har ajin karatun yara sai an rufe. Aka ɗora wa Anti aikin, ita da ba ta shiri da dabba, wadda a wurinta duk akuyar duniya fuska ɗaya gare ta.

Baba Direba ne ya zo ɗaukarta. Shi ya yi jigilar awakin bara, kuma kowace mace a ƙauyukan ta san shi. Ya iso tun da sassafe, ya daɗe a bayan gidan wai yana juya mota. A-kori-kura ce, bayanta rufe ruf da tamfol.

"Baba, wannan warin fa?"

"Na bara ne, ranki ya daɗe. Ya ƙi fita."

A ƙauyen farko ya sauke ta ƙarƙashin wata bishiya, ya ce bari ya shiga ya sanar, kada ta same su babu shiri. Da aka shigo da ita, ta tarar da mace tsaye kusa da sabon injin niƙa, mata sun yi layi da kwanuka. Matar ta fara nuna mata injin cike da alfahari.

"Ni akuya na zo gani," in ji Anti.

Aka jawo wata ja mai sheƙi da shuɗiyar igiya. Akuyar ta dubi Anti, ta taho kai tsaye ta goga mata kai a gwiwa. Anti ta yi tsalle gefe da salati, ta ɗauki hoto daga nesa. Sannan aka tsare ta da ruwan sha har Baba ya gama juya mota.

A hanya motar ta faɗa rami, wani abu ya yi kuka a baya.

"Birki ne," in ji Baba. "Haka yake yi in ya ji zafi." Ya ƙure rediyo.

A ƙauye na gaba matar da suka je wurinta keken ɗinki gare ta, 'ya'yanta sanye da kayan makaranta da ta ɗinka da hannunta. "Anti, ai tun da na sayar da..." Baba ya sarƙe da tari. "Da madararta," ya ƙarasa mata. Akuyar wannan gidan jan igiya ce a wuyanta, ita ma ta biyo Anti tana shinshinar jakarta. Wannan karon Anti ba ta gudu ba.

Kafin la'asar ta ga mai shagon sabulu da mai kiwon kaji, kowace da lafiyayyiyar akuyarta, kowace akuya kuma kamar ta shekara tana jiran zuwan Anti. Ta ƙarshe har kwanciya ta yi mata a kan ƙafa. Anti ta durƙusa ta shafa ta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, ashe ina da baiwar dabbobi ban sani ba."

"Allah mai iko," in ji Baba, idonsa a kan titi.

Wayar ta sake ruri. Anti ta kashe ta gaba ɗaya, ta tura hotunan zuwa ofis a zuciyarta tun kafin ta isa, tana hango yadda za a yi mata tafi.

Da suka shigo layinsu, ta hangi maƙwabta cike da ƙofar gida. Surukarta na zaune a ƙasa, hannu biyu a ka.

"Tun safe nake kiranki! Ɓarayi sun sace min Jar-Amarya!"

"Haba Mama, a kan akuya? Kwantar da hankalinki. Yau na ga waɗanda suka fi ta kyau, kuma duk suna ƙaunata. Zan roƙo miki ɗaya."

Baba Direba ya sa giyar baya a hankali, yana zamewa cikin kujera.

"Ba na son wata!" Tsohuwar ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Jar-Amaryaaa!"

Tamfol ɗin bayan motar ya motsa, birki ya amsa da "meee", sai ga akuyar Mama ta diro ƙasa a galabaice, igiyoyi kala huɗu na reto a wuyanta.