Askar Malam a Jakar Hannu

Yau kwana tara ke nan abinci ba ya wuce mini wuya. Ku yi haƙuri da rubutun nan, karatuna bai yi nisa ba, ga shi kuma yatsana a ɗaure yake.

Gidanmu gidan wanzamai ne, nan cikin birnin Zariya. Marigayi Malam, mai gidana, ya yi shekara arba'in yana aski. Da ya rasu ya bar aska guda mai ƙotar ƙaho, wadda shi ma ya gada a wurin mahaifinsa. A gidan nan ɗa namiji ba ya fita neman abinci wata ƙasa sai da askar ubansa kusa da jikinsa. Haka muka tarar. Malam ma da ciwo ya tsananta, maganar da ya yi ta nanata mini ke nan.

Aƙilu shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yana. Ya bi sana'ar gida, amma ta zamani, ta inji. Shekara biyu yana neman aiki a wani shagon aski a ƙasar Larabawa, sai bana Allah ya yi, biza ta fito.

Ana jibi zai tashi, ya zauna a tsakar gida yana karanta mana dokokin jirgi a wayarsa. Ya ce rezar nan mai mariƙin roba, wadda ake yarwa in an gama, babu laifi a sa ta a jakar hannu. Amma aska da tsirarar reza, sai dai a babban akwati, wanda ba ya zama tare da mutum.

Na ce, "To askar Malam fa?"

Ya yi dariya. "Inna, can wa zai miƙo mini kansa in ɗora masa wannan? Kuma babban akwati ɓata yake yi wani lokacin. A bar ta a adakarki, ta fi tsira."

Matarsa Radiya tana gefe tana ninke kaya tana share hawaye. Cikinta wata shida. Tun farko ba ta so tafiyar ba, ba ta kuma ɓoye ba. Har a gaban mutane ta taɓa cewa da tana da hali da ta ɓoye fasfon. Ita ta shirya masa jakar hannu, ta zuge, ta ajiye a bayan ƙofa. Washegari da la'asar suka tafi Ƙofar Galadima yi wa iyayenta sallama, suka bar ni da gida.

A filin jirgi na Kano aka tura jakar cikin na'ura. Aka tsayar da Aƙilu. Aka zazzage kayan kaf, ba a ga komai ba. Aka sake turawa, na'ura ta sake nunawa. Sai wata ma'aikaciya ta shafa gindin jakar, ta farke shafin ciki. Ga aska naɗe a farin ƙyalle, an ɗinke ta tsaf, ɗinki ƙanana a jere.

Daga baya Aƙilu ya ce da a fili take, karɓewa kawai za su yi ya wuce. Ɓoyewar ce ta jawo. Awa biyar suna masa tambayoyi a wani ɗaki, yana rantsuwa bai san da ita ba. Kafin su sallame shi jirgi ya tashi. Mai shagon ya ji labari, ya ce ba ya son rigima, ya ba wani gurbin. Askar ma can aka riƙe ta.

Ya shigo gida ko sallama babu. Ya tsaya a kan Radiya ya ce, "Kin huta? Ga ni na dawo."

Ta ce, "Wallahi ban san da ita ba."

"Wa ya shirya jakar? Wa ke share ɗakin Inna, ya san inda mabuɗin adaka yake?"

Ta juyo gare ni tana kuka. "Inna, ki gaya masa, ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba!"

Ya ce ai tela ba ya wuyar samu a unguwar nan. Na buɗe baki, na dubi idon yaron nan, jawur, ban taɓa ganinsa haka ba. Abin da ya fito mini kawai shi ne, "A dai yi haƙuri."

A ranar ya tura ta gidansu. Jininta ya hau, aka kwantar da ita asibiti kwana biyu, likita ya ce a kiyaye ɓacin ranta saboda cikin. Duk da haka jiya ta bugo mini waya ta gaishe ni, har tana tambayar ya yatsan nawa da allura ta soka.

Shi kuwa ba ya fita, ba ya cin abincin kowa sai nawa. Shekaranjiya na kai masa tuwo, ya riƙe hannuna ya ce, "Inna, ke kaɗai kika rage mini da zan yarda da ita."

Gobe bayan sallar Juma'a Kawu Jalo, ƙanin Malam, ya kira zama a zaure. Aƙilu ya ce in ba ta amsa laifinta ba takarda zai ba ta. Radiya ta aiko cewa a tanadi Alƙur'ani, za ta dafa a gaban kowa.

Don Allah jama'a ku ba ni shawara kafin goben. Ta ina zan fara gaya wa ɗana cewa uwarsa, wadda ba ta taɓa sanin akwai na'urar da ke gani ta cikin ƙyalle ba, ita ce ta zauna da allura da la'asar ɗin nan ta ɗinke askar a jakarsa?