Furen Lalle don Kawu

Kawu ya dawo daga yaƙi ba ya gani, ya ƙi fita daga ɗaki. Wata la'asar da damina, matarsa Goggo ta aike ni lambunmu na Rumde in tsinko furanni. Na zaɓo manyan jajaye ina taƙama. Ta ajiye su, ta je da kanta ta kawo furen lalle da ɗoɗɗoya, ta jera a kwalba.

"Goggo, waɗannan ba su da kyau."

"Ba don idonki nake haɗawa ba," in ji ta.

Muna shiga, Kawu ya ɗaga kai ya shaƙa. "Ashe lallena bai mutu ba? Kama hannuna, ki kai ni."

Ga shi na yi furfura, har yau ban iya kula da mutum kamar Goggo ba.