Garmar da Ta Haye Kogi

Garuruwa biyu ne kogi ya raba, dukansu na maƙera. Ƙarfensu ɗaya, gawayinsu daga daji ɗaya ake ƙono shi, amma duk sabon abin da ya shigo kasuwa, lauje ne ko kuba ko tarkon gafiya, daga garin gabas yake fitowa. Mutanen yamma sukan ce ai na gabas da basirarsu aka haife su. Ba haka ba ne, kuma abin da ya sami Jatau ya isa misali.

Jatau maƙeri ne a garin yamma, inda al'ada ta ce duk wanda ya ƙera abin da ba a taɓa gani ba, ya kai shi zauren Sarkin Maƙera. Sarki zai jujjuya shi a hannu, ya buga masa shaidarsa, maroƙa su zaga gari suna shelar hikimar Sarki. Washegari kowace maƙera ta kama kwaikwayo, wanda ya ƙago abin kuwa a ba shi goro ya tauna. Jatau ya san wannan sarai, domin sungumin da ake kira na Sarki mahaifin Jatau ne ya ƙera shi a gaban idonsa, kuma tsohon ya mutu ba a taɓa jingina masa shi ba. To, manoman fadama sun daɗe suna kukan laka tana manne wa garma, sai mutum ya tsaya yana kankare ta da ƙafa. Jatau ya yi damina guda yana bin su cikin kunyoyin gona, yana kallon yadda ƙasa ke kwanciya a kan ƙarfe. Ya ɓata ruwan garma ba adadi kafin ya dace da wata 'yar lanƙwasa a wuya da ke kifar da laka gefe. Tun ƙarfen bai huce ba labari ya kai zaure, aka aiko ya kawo. Ya je hannu wofi, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ce, "Ranka ya daɗe, sungumin babana ya ishe ka. Wannan da sunana za ta fita, ko ta koma wuta." Aka ce masa wanda ya ƙi al'ada ba shi ba hura wuta a garin nan. Ya ce ya ji. Ya ɗaure masaba da awartaki, ya bar uwar maƙerar da ya gada domin ta fi ƙarfin kwalekwale, ya haye.

A gabas ba wanda ya tarbe shi da kiɗa. Dattawan maƙera suka karɓi garmar suka ba wani manomi ya gwada ta a fadama, suka aika ƙauyuka ana tambaya ko an taɓa ganin irinta, shi kuwa yana kwana a zauren mutane yana jira. Da ta tabbata sabuwa ce, aka ɗaga ta ranar kasuwa aka ce sunanta 'yar Jatau. Ka'idarsu kuwa ita ce ba mai ƙera ta sai shi har damina ta zagayo, bayan haka ma duk mai son koyo sai ya zauna a maƙerar mai ita ya yi masa zuga tukuna, komai furfurarsa. Saboda wannan ka'ida, ba mai ɓoye abin da ya gano a garin. Fatake kan sauke ƙarfe a nan don sun san za su sami sabon abin ɗauka, matasa kan zo koyo su ƙi komawa. Da Jatau ya zauna ya fara tambayar asalin maƙwabtansa, sai ya tarar mai kuba kakansa daga yamma ya zo, mai tarkon gafiya ma haka. Ashe basirar da ake cewa ta gado ce, a kwalekwale ta riƙa hayowa.

Ba a daɗe ba manoman yamma suka fara ƙetarowa sayen garma, 'ya'yan maƙera suka bi sahunsu, har murahun da ake hurawa a can suka ragu. Sarkin Maƙera na yamma ya aiko wani ɗan'uwansa da babbar riga, ya ce Jatau ya dawo gida a naɗa masa sarauta, abin da ake so kawai ya biyo da garmar ta zaure don a cika al'ada. Jatau bai ajiye masaba ba. Ya nuna buzun da ke gefen wuta da haɓa, ya ce, "Ka gaishe shi. Ka ce garmar ba a ɓoye take ba. Ga buzu, ga zugazugi, in yana son koyo ya zo ya zauna. Sai dai akwai waɗanda suka riga shi." Ɗan aike ya naɗe rigar da ya kawo ya nufi bakin kogi, Jatau ya mayar da ƙarfe wuta.

Garin yamma yana nan yana buga shaidar Sarki a kan tsohon sungumi. Dama Hausawa sun ce, inda aka san darajar goro, nan ake nema masa ganye.