Shekarar da Hindawiyya Ba Ta Je Jidda Ba

Ƙwallon ta taho a hankali kamar tsohuwar da ta dawo daga kasuwa. Mukhtaru mai tsaron gida ya dube ta da kyau, ya daka tsalle, ya faɗi ɗaya gefen. Ta wuce abinta. Ya tashi yana kakkaɓe ƙasa yana dukan cinya, don jama'a su ga ransa ya ɓaci. Wasa na uku ke nan, kuma karo na uku da aka lallasa ƙungiyar Hausawan Hindawiyya a gasar unguwannin Makka ta 1954.

Kafin ƙwallo duk 'yan wasan 'yan ga-ruwa ne, gwangwani biyu da sanda a kafaɗa. Alhaji Tsoho mai shagon yadi shi ya sauke musu sandunan, ya ɗinka musu korayen riguna, ya ɗauki cinsu da shansu, ya ce daga yau ƙwallo ce sana'arsu. Burinsa guda ne: ƙungiyar da ta zo ta ɗaya za a zuba ta a mota a kai ta Jidda ta buga a gaban manya.

Jiddar nan ita ta hana Mukhtaru sakat. A hanya akwai shinge, a shingen akwai askarawa masu tambayar iƙama, wato takardar zama. Shi kuwa da ƙafa ya taso daga Haɗejiya, shekara shida yana tafe ta Sudan, ya tsallako teku a kwale-kwalen masunta, kuma duk takardar da ya mallaka a duniya tana ɗinke cikin layar wuyansa. Abin da ya fi muni, ranar da ya nemi auren Rumasa'u, 'yar Alhaji Tsoho, an tambaye shi iƙama ya ce tana cikin akwati. Ga ta yanzu da ciki wata biyar. In aka kama shi, jirgin ruwa za a jefa shi, ba zai ko ga ɗansa ba.

Don haka ya zauna ya koyi faɗuwa. Ya iya ta gefe, ya iya ta ruf-da-ciki, ya iya wadda ake taɓa ƙwallo da yatsa a raka ta ciki. Yakan ce wa kansa duk Hijaz babu golan da ya kai shi ƙwarewa, sai dai ƙwarewar da ba a faɗa wa mutane ce.

Abin da ke cin ransa shi ne abokan wasansa. Lurwanu, ɗan gaba, zai zo taku biyu da bakin raga ya ɗirka ƙwallo can kan dutse wajen awaki, ya durƙusa ya riƙe kai. Awwalu mai tsaron baya kuwa, mazagin wandonsa ba ya tashi kwancewa sai abokin gaba ya nufo shi. Tausayinsu yake ji ƙwarai. Bayin Allah suna zuba gumi a ranar Makka, sa'a ta ƙi su, shi kuma yana bayansu yana zubar musu da ɗan abin da suka tara.

Sau ɗaya kawai aka kusa samun matsala. A wasa da 'yan Jarwal, ƙwallo ta bugi ƙeyar Lurwanu ta faɗa ragar abokan gaba. Alhaji Tsoho ya jefar da sandarsa yana kabbara, amma a cikin fili ba wanda ya ɗaga ko hannu, zafin ranar ya kashe wa kowa jiki. Mukhtaru ya yi maza ya saki ɗaya aka yi kunnen doki. Ta biyun ma bai sha wahala ba, daga ƙafar Awwalu ta zame ta wuce shi kafin ya gama zaɓen gefen faɗuwa.

Wasa goma sha huɗu, kashi goma sha huɗu. Mu kuwa mutanenmu ba a bar mu a baya ba wajen yi wa namu dariya: ko finjali ya suɓuce wa wani a gidan gahawa, sai a ce ya yi Mukhtaru. Wannan bai dame shi ba. Surukinsa ne ya dame shi. Tsohon ya daina zama a ƙofar shago, ya rame, yana cewa laifinsa ne, shi ne bai iya koyarwa ba ya kunyata 'ya'yan mutane.

Ƙarshen Sha'aban, da ake bin gida-gida neman gafara kafin azumi, Mukhtaru ya kasa daurewa. Da hantsi ya daɗe yana kallon Rumasa'u tana tsince shinkafa, sannan ya fita. Ya tarar da Alhaji a cikin shago bayan tulin yadi, ya durƙusa, ya zayyane masa komai: akwatin da babu komai a ciki, da shingen, da faɗuwar.

"Baba, da gangan na yi. In za ka raba ni da ita ka raba, amma ka yafe mini."

Alhaji Tsoho bai yi ko mamaki ba. Ya tura masa finjalin shayi, ya yi ajiyar zuciya.

"Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana, tashi ka sha," in ji shi. "Daga Juma'a zuwa yau kai ne na goma sha ɗaya da ya durƙusa a nan da wannan magana. Ashe duk shekarar nan ni kaɗai ke son zuwa Jidda."