Ofishin da Ba a Cewa Sannu

Tun da kamfaninmu ya ɗaura mana awarwaron inshora a hannu, aka daina cewa sannu a ofis. Awarwaron yana sauraron duk abin da aka faɗa. Da ya ji an yi wa wani sannu, sai ya kai rahoton akwai marar lafiya, a ƙara wa sashen gaba ɗaya kuɗin inshora. Wanda aka kai rahotonsa sau uku kuwa, sallamarsa ake yi.

Anti Lantana, wadda ta koya mini aiki, an kai nata sau biyu.

Yau tun safe take dafe da gefen cikinta. Malam Habu, shugaban sashenmu, ya kama ni ina kallonta.

"Ke Rumasa'u, digirin kallon mutane kika yi? Wata uku ana zaftare mana albashi saboda masu taurin kai. Wanda ya gaji ya tafi gida mana."

Na mayar da idona kan aikina. Ban taɓa iya tanka masa ba.

Bayan azahar na same ta durƙushe a wurin alwala, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Na buɗe baki zan yi mata sannu, sai ta damƙe mini hannu.

"Marayu huɗu nake ciyarwa," ta ce a hankali. "Idan kika faɗa, ban yafe ba."

Na tsuguna kusa da ita, na goge mata goshi da mayafina, ina neman abin da zan faɗa a madadin sannu.

"Anti, atamfar nan ta yi miki kyau."

Ta runtse ido.

"Na gode, 'yar nan. Sake faɗa."